Motar da Baba Bai Ji Zuwanta Ba

Jama'a, yau kam ku yi min uzuri idan kun ga rubutuna yana tsalle-tsalle, har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba. Waɗanda suka saba bibiyata sun san ni. Ku da yau kuka faɗo cikinmu kuma, sunana Khairiyya, 'yar Dangora ce ni a ƙasar Kiru, autar gidan Alhaji Tasi'u tsohon direba. Wanda nake so, nake kuma roƙon Allah ya ba ni, sunansa Mujitaba, mutumin Tudun Wada ne, yana sana'ar haɗa wutar sola a Kano. Abin da ke neman shiga tsakaninmu kuwa, kada wanda ya yi min dariya, mota ce.

Sai kun san gidanmu za ku gane. Baba ya yi tuƙin doguwar hanya tun kafin a haifi babbar yayarmu, Yaya Ramla. Yanzu ya ajiye, amma tsohuwar Marsandinsa ruwan toka tana nan a rumfar ƙofar gida, duk Juma'a sai an wanke ta ko da babu inda za ta. Yaya Ghali, wanda nake bi, bakanike ne a Kwanar Dangora, kuma shi ne ogan samarin da ke wasan mota ranar kai amarya. Su cire salansa, su yi ta juyi a tsakiyar titi har taya ta yi ƙauri, tsofaffi na salati yara na ihu. A gidanmu ana iya manta sunan baƙo, amma ba a manta irin motar da ya zo da ita.

To Baba yana da wata al'ada da duk unguwa ta sani. Duk wanda ya zo neman 'yarsa, bayan an gama gaisuwa ba ya tambayar albashi, ba ya tambayar gonaki. Sai ya gyara zama ya ce, "Tayar da abin hawanka in ji." Ya karkatar da kai ya yi shiru. Mijin Yaya Ramla da wani tsohon babur ya zo, Baba ya saurara ya ce wannan yana canza baƙin mai a kan lokaci, zai iya riƙe iyali. Ni kuwa wanda ya fara zuwa nemana, ɗan wani mai sayen hatsi, yana murza makulli ya danne totur don ya burge. Baba ya ce masa ya gaida gida. Da muka tambaya sai ya ce mutumin da bai iya jiran inji ya yi ɗumi ba, babu abin da zai iya jira a duniya. Ni dai daɗi na ji, dama ba na son sa.

Ga abin da unguwa ba ta sani ba. Idanun Baba sun kusa tafiya. Tun bara waccan yanar ido ta fara rufe su, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Ni da Umma kaɗai muka sani, kuma ya sa mun yi masa alƙawarin ba za mu faɗa wa kowa ba, har Yaya Ghali, wai bakinsa ba ya riƙe magana. Mun yi magiyar asibiti har mun gaji. Cewa yake direban da aka ja wa hannu ya gama yawo. Baƙin tabarau dama tun yana tuƙi yake sawa, don haka babu wanda ya yi zargin komai. Ni nake fito masa da kaya, in gaya masa kalar hular da na miƙa masa. Hanyar soro zuwa bencinsa na gindin darbejiya a ƙafarsa take. Masallaci yana tsallaken titi. Idan zai tsallaka sai ya tsaya a baki ya kasa kunne, in bai ji inji ba ya wuce abinsa, mutane suna cewa kai Alhaji akwai natsuwa.

Kun fara hango inda na dosa ko? Motar Mujitaba ta lantarki ce.

Fara ce, mai faɗi, a kwance kamar ta lashi ƙasa. Ya saye ta a hannun wani a Abuja, a shagonsa yake yi mata caji da solarsa. Shi ma fa mayen mota ne, idan ya fara yi min bayaninta a waya sai in ajiye shi a kan filo in ci gaba da ninke kaya, in dawo in tarar bai ma san na tashi ba. Ana saura mako guda ya zo gaida Baba ya biya ta garejin Yaya Ghali, wai don su saba. Ranar da yamma muna tsakar gida, Baba na kan darduma, Yaya ya shigo da baƙin mai har gwiwar hannu, ko wanka bai yi ba ya ja kwanon tuwo.

"Umma, kin ga abin da autarki ta kwaso mana? Firji. Wallahi firji mai taya huɗu."

"Kai dai ci abincinka," in ji Umma.

"Na ce masa buɗe bonet mu gani. Ya buɗe. Kun san me na tarar? Jakar kayansa da darduma. A inda inji ya kamata ya zauna!"

Na ce, "Ai na ji Sagir yaronka ya shiga, ya fito yana riƙe da ciki."

Ya harare ni. "Gudu kam tana da shi, ba zan yi ƙarya ba. Yana takawa sai da ƙeyar Sagir ta bugi kujera. Ko motata da na kwana uku ina yi wa aiki ba za ta ga ƙurarta ba. Amma gudu shi ne mota? Ina giya? Ina ƙamshin fetur? Hannunka ba ya komai, kunnenka ba ya komai, ka taka kawai kamar keken ɗinki. Ki ce a kai amarya da wannan? Mutane ai sai su ɗauka gawa aka ɗauko."

"A'uzubillahi, Ghali!" Umma ta jefe shi da mafici.

Ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya masa. Ya ce a hankali, idan irin waɗannan suka cika titi shi bai san me zai kwance ya ɗaura ba.

Duk wannan Baba carbinsa kawai yake ja. Can ya ce, "Ba ta ƙara ko kaɗan?"

"Akwai wani ɗan kuka da take yi idan tana tafiya a hankali, kamar na sauro. Sai kuma rurin ƙarya da ake kunnawa ta sifika, wai don masu kewar inji. Abin kunya dai, Baba."

"To," in ji Baba. "Asabar ya zo in ji ta."

Na shige ɗaki na ɗauki waya.

"Don Allah ranar Asabar ka aro motar fetur," na rubuta masa.

Ya turo fuskar dariya har uku. "Yaya Ghali ya kai ƙarata ke nan."

"Ba wasa nake ba. Ka san al'adar Baba. Me zai saurara?"

"Zai saurare ni. Idan na aro mota ya yaba, motar wani ya yaba. Ranar da ya gane fa?"

"To ka kunna rurin nan na sifika."

"Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan titi zan yi wa rurin sifika? Daga nesa zai gane. Ba zan fara shiga gidanku da ƙarya ba, Khairiyya."

Kun ji fa. Irin maganar da ta sa nake son sa ke nan, ranar kuma ita ta sa na ji kamar in shaƙe shi ta cikin wayar. Na rubuta, "Naji. Amma ka danna hon tun daga kwana."

"Hon? A ƙofar gidan surukai? So kike a ce ba a yi min tarbiyya ba? Ni har ɗan kukan nan zan kashe, in lallaɓo kamar baƙon kirki."

Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta, "Baba ba ya gani." Yatsana yana kan wurin turawa na tuna fuskarsa ranar da ya karɓi alƙawarinmu, yadda ya riƙe hannuna yana cewa auta kada ki tona ni. Na goge. Abin da na iya kawai shi ne na ce masa kada ya iso sai an daɗe da idar da la'asar, lokacin na san Baba ya riga ya tsallako ya zauna a bencinsa. Ya ce to. Kwanakin da suka biyo baya ko abincin kirki ban ci ba, Umma har tana tsokanata wai zumuɗi ne.

Asabar ta zo. Na share soro na turara shi, na dama zoɓo da abarba, Umma ta yi dambun nama. Na sa atamfata ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, wadda ya taɓa cewa ta yi min kyau, na ɗaura ɗankwali na kwance ya fi a ƙirga. Baba na fito masa da farar shadda.

"Wace hular kika ba ni?"

"Mai ruwan goro, Baba."

"Madalla. Yau zan ga surukina." Ya yi murmushi, ni kuwa na kasa.

Yaya Ghali ya kwaso abokansa na wasan mota, suka jera motocinsu a gefen titi suka kashe, suka haye bonet suna jiran kallon firji. Dattawan majalisa ma sun cika benci, har da Baffa Hamman, aminin Baba tun suna samari. Ni ina soro, na manna ido a 'yar tagar da ke kallon titi. Aka idar da salla, mutane suka tsattsallako, amma babu Baba. Wani ne ya tsare shi da gaisuwar rasuwa a bakin masallaci, suka daɗe a tsaye. Ina ta cewa a raina ka taho mana Baba, ka taho. Na ɗauki waya zan ce wa Mujitaba ya ƙara jinkirtawa, sai na ga kawunan samarin nan duk sun juya gefe guda.

Ta shawo kwana. Wallahi jama'a ko motsin ta babu, kamar ana tura ta a kan katifa. Kajin da ke tsattsagar masarar da aka shanya a gefen titi ma ba su ɗaga kai ba. Kowa ya zuba mata ido, babu mai kallon tsallake. A daidai lokacin Baba ya iso bakin titi. Ya tsaya. Ya karkatar da kai yadda ya saba. Bai ji komai ba. Ya sako ƙafa.

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita.

Mujitaba ya gan shi. Ya taka birki ya tsaya cak, da tazara mai kyau, a zatonsa Baba tarbarsa ya taho yi. Har na ga ya fara cire ɗamarar kujera zai fito ya durƙusa. Su Yaya ma haka suka ɗauka. Babu wanda ya ce Alhaji ga mota, don wa zai gaya wa mai ido ga mota, farar mota ƙatuwa a tsakiyar titi da rana tsaka? Baba ya ci gaba da tahowa da takunsa na ƙasaita, babbar riga tana kaɗawa, har gwiwarsa ta daki gaban motar. Ya tafi zai kifa, ya dafe bonet da hannu biyu. Hula ta yi gefe, tabarau ya faɗi a kwalta.

"Wane ne ya ajiye kaya a tsakiyar hanya?" ya faɗa da ƙarfi.

Kowa ya ji. Kowa kuma ya ga idanun, farare, suna kallon inda babu kowa. Ya miƙa hannu yana laluben iska. Baffa Hamman ya yi salati ƙasa-ƙasa ya sunkuyar da kai.

Na zabura zan fita, sai na ji an riƙe min hannu. Umma ce, ban san lokacin da ta shigo soron ba. "Tsaya," ta ce. "Kada ki ƙara masa."

Yaya Ghali ya diro daga kan motarsa, kafin Mujitaba ya gama fitowa ya ci kwalarsa. "Za ka kashe mana uba? Da wannan munafukar motar taka?"

"Ghali," in ji Baba. "Sake shi. A tsaye take. Ni na same ta."

Yaya ya saki. Ya juyo ya kalli fuskar Baba sosai, irin kallon da ya daɗe bai yi mata ba. "Baba... idonka?"

"A ba ni hulata."

Mujitaba ne ya ɗauko. Ya kaɗe ta, ya durƙusa har ƙasa a kan kwalta da sabuwar shaddarsa, ya ɗora hular daidai kan yatsun Baba yadda ba sai ya laluba ba. Tabarau ma haka. Bai ce sannu ba, bai ce yi haƙuri ba, gaisuwa kawai ya yi kamar babu abin da ya faru. "Barka da yamma, Baba. Mun same ku lafiya?"

Baba ya sa hula, ya mayar da tabarau. Ya shafa bonet ɗin da tafin hannu, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Sanyi ƙalau," ya ce. "Daga Kano kake?"

"Daga Kano, Baba."

"Tayar da ita in ji."

Mujitaba ya ce, "A tashe take, Baba."

Babu wanda ya yi dariya, har samarin da suka zo don dariyar. Baba ya sunkuya ya kusantar da kunnensa. Ya daɗe a haka. Ya ɗago.

"Ban ji komai ba," ya ce. "Tun da nake, mota ba ta taɓa zuwa gabana ban san da ita ba. Yaro, ban san abin da zan ce a kanka ba."

Na jingina da bango ina cewa shi ke nan, ya ƙare. Baba ya kunyata a gaban majalisarsa, kuma motar wanda nake so ce ta kunyata shi. Da wane ido zai sake karɓar Mujitaba a gidan nan?

Sai na ji ya ce, "Ghali ya ce tana gudu."

"Tana yi, Baba."

"Buɗe min ƙofa."

Yaya ya matso zai shiga baya, Baba ya ɗaga masa hannu. "Babu mai bin mu." Mujitaba ya zaunar da shi a gaba, ya ja masa ɗamara, ya zagaya. Kafin ya shiga ya kalli 'yar tagar soro, ya san ina nan. Fuskarsa duk gumi. Motar ta juya ta tafi yadda ta zo, sai ganin bayanta kawai muka yi.

Yaya Ghali ya shigo tsakar gida kamar wanda aka yi wa duka. Ya zauna a kan turmi.

"Tun yaushe?"

"Tun bara waccan," in ji Umma.

"Kuma ke kin sani?" Ya kalle ni. Na gyaɗa kai. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa. Sai ya rufe fuska da hannuwansa. "Kullum da safe in na wuce shi a benci hannu nake ɗaga masa. Kullum. Ina cewa Baba ya daina kula ni." Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba sai ranar, ni ma na kama.

Sanyin zoɓo ya tafi a jug, ƙudaje suka samu dambun nama. Na kira Mujitaba bai ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Tunanina babu inda bai je ba. Ko Baba ya sa shi ya hau babban titi ya taka? Ko can ya kai shi don ya sallame shi ba a gaban mutane ba? Rana ta yi ja, masu shanya suka fara kwashe masararsu. Sai wayata ta yi ƙara, saƙo.

"Muna filin idi na bayan gari. Babu kowa. Na zagaya da shi, na taka masa sau ɗaya, ya yi dariya har da tari. Yanzu ya ce in sauka in ba shi sitiyari, in zauna a gefe in zame masa ido. Ya ce bai ji motar ba, don haka ni zai ji. Na ce zan duba taya, na fito. Khairiyya me zan yi?"

Na karanta a fili. Yaya ya miƙe tsaye. "Ce masa kada ya kuskura! Wannan ba Marsandi ba ce, taɓa ta kaɗan ka yi ta tashi sama. Babu ƙarar da za ta gaya masa ya yi yawa!" Ya fara laluben makullinsa a aljihu.

Gaskiyarsa ne, na sani. Na kuma san idan Mujitaba ya hana, ya gaya wa Baba ke nan da bakinsa cewa ya gama yawo, a ranar da duk gari ya gani. Na rubuta "kada ka ba shi", na goge. Na rubuta "ba shi", na goge. Uba ne fa, jama'a, guda ɗaya nake da shi.

Umma ce ta yi magana, tana kallon wajen rumfar da Marsandi take.

"Duk asuba idan ya dawo daga masallaci, kafin ku tashi, sai ya shiga motar can ya zauna. Ba ya tayar da ita. Sitiyarin kawai yake riƙewa." Ta share ido da bakin zani. "Zauna, Ghali. Ke kuma ce masa ya ba shi. Ce masa ya yi masa magana a hankali, ba ya son a ɗaga masa murya."

Na rubuta yadda ta faɗa, na yi bismillah na tura. Alamar ya karanta ta fito. Bai amsa ba.

Aka kira magariba, babu wanda ya nufi buta a cikinmu. Muka fita ƙofar gida mu uku muka tsaya a gindin darbejiya, kusa da bencin Baba da babu kowa a kai. Can na lura dukkanmu mun karkatar da kai gefe guda, irin yadda yake yi, mun kasa kunne muna sauraron titi, muna jiran motar da ba a jin zuwanta.